Tsofaffin Katun na Baƙi da Fari: Tambayoyi da Amsoshi kan Gano Su da Gyara Su

Tsakanin 1906 da farkon shekarun 1940 an yi dubban gajerun fina-finan zane mai motsi, waɗanda aka fi sani da katun, kuma mafi yawansu ba su da launi. Wasu sun salwanta har abada, wasu suna nan amma sun sha wuya, wasu kuma suna kwance cikin gwangwanayen da aka rubuta wa sunan da ba nasu ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da neman su da gyara su.

Waɗanne fina-finai ake nufi idan aka ce katun na farko?

Masana tarihi kan fara lissafi da Humorous Phases of Funny Faces na J. Stuart Blackton, wanda ya fito a Amurka a 1906, sai Fantasmagorie na Émile Cohl da aka nuna a Faris a 1908, mai ɗauke da zane kusan 700. A 1914 Winsor McCay ya fito da Gertie the Dinosaur, wanda ya ci zane wajen 10,000 a kan takarda, kowanne da bangonsa da aka sake zanawa da hannu. A wannan shekarar ce Earl Hurd ya nemi rajistar dabarar zana halitta a kan leda mai haske a ɗora ta bisa bango guda, dabarar da ta rage wahala ta mayar da katun sana'ar kamfani. Daga nan taurarin katun suka fara fitowa: magen nan Felix a 1919, zomo Oswald a 1927, Mickey Mouse a 1928, Betty Boop a 1930. Launi ya fara kankama a 1932, amma bai kori baƙi da fari nan take ba, domin Mickey bai koma launi ba sai 1935, Popeye da jerin Looney Tunes kuwa sun ci gaba da fitowa babu launi har 1943.

Me ya sa da yawansu suka ɓata?

Dalili na farko shi ne zaren da aka ɗauke su a kai. Har zuwa farkon shekarun 1950, zaren fim mai faɗin milimita 35 da gidajen silima ke amfani da shi da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ɗan'uwan abin da ake haɗa albarushi da shi ne. Idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, saboda shi da kansa yake samar da iskar da wutar ke ci. Ko bai kama wuta ba yana ruɓewa sannu a hankali: hoton ya dusashe, zaren ya yi danƙo, ya yi kumfa, ya manne ya zama dunƙule, a ƙarshe ya koma gari mai ruwan ƙasa. A watan Yulin 1937 rumbun kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ya ƙone da faifai fiye da 40,000. A Ajantina, El Apóstol na Quirino Cristiani, wanda ya fito a 1917 kuma ake ɗaukarsa dogon fim ɗin zane na farko a duniya, ya ƙone a gobarar 1926, kuma har yau ba a ga kwafinsa ba. A Japan girgizar ƙasar Kanto ta 1923 da gobarar da ta biyo bayanta sun lashe mafi yawan abin da masu zanen ƙasar suka yi a shekarunsu na farko.

Dalili na biyu, wanda ya fi gobara ɓarna, shi ne raini. Katun a lokacin ɗan share fage ne na minti shida ko bakwai kafin babban fim, kuma da ya gama zagaya silimomi an ɗauka ya gama amfani. Da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920, kamfanoni suka ga ajiye na bebe asarar kuɗin haya ce kawai, sai suka riƙa narkar da zaren don cire azurfar da ke jikinsa. Kamfanin Universal ya lalata mafi yawan fina-finansa na bebe a 1948 da gangan. Su ma ledojin da aka yi zanen a kansu wanke su ake yi a sake amfani da su. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan bebe na Amurka sun ɓata gaba ɗaya. Wannan adadi na dogayen fina-finai ne, waɗanda aka fi darajawa, don haka mai karatu zai iya ƙiyasta halin da gajerun suka shiga.

To, waɗanda ake cewa an gano, daga ina suke fitowa?

Ba kasafai suke fitowa daga kamfanin da ya yi su ba. Sun fi fitowa daga wurare masu nisa inda kwafin ya je ya maƙale. Idan fim ya gama yawo ya isa ƙasar da ke ƙarshen hanya, kuɗin mayar da shi Amurka ya fi ƙarfin darajarsa, sai a ce wa wakilin can ya lalata shi, shi kuwa wani lokaci ya jefa shi a sito ya manta. Wannan sakaci ne ya zama alheri daga baya. Ta haka aka samo wani katun na Mutt da Jeff na 1920 a rumbun fina-finan Ostareliya, aka kuma samo wani na Koko, ɗan wasan barkwancin gidan Fleischer, a rumbun Amsterdam.

Labarin zomon nan Oswald ya fi kowanne bayyana yadda abin yake. Walt Disney da Ub Iwerks sun yi fiye da 25 daga cikin katun ɗinsa tsakanin 1927 da 1928, kafin Disney ya rasa ikon mallakarsa ya ƙirƙiro Mickey a madadinsa. Sai a 2006 kamfanin Disney ya dawo da zomon hannunsa, a wata musaya da ta haɗa da sakin mai sharhin wasanni Al Michaels ya koma tashar NBC, amma a lokacin wani kaso mai yawa na fina-finan ba a san inda suke ba. A 2011 aka tsinci Hungry Hobos a wani rumbu mai zaman kansa a Ingila. A 2014 ma'aikatan Laburaren Ƙasa na Norway, a ma'ajiyarsu da ke Mo i Rana kusa da yankin ƙanƙarar arewa, suka gano cewa wani faifai da ake zaton na Felix ne ashe Empty Socks ne na 1927, wanda kafin nan daƙiƙoƙi kaɗan kawai aka sani daga cikinsa. A 2015 Sleigh Bells ya fito daga rumbun Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, inda ya daɗe a cikin kundin lissafi ba wanda ya lura cewa duniya na nemansa. A 2018 kuma wani dattijo masanin tarihin katun a Japan, Yasushi Watanabe, ya gane cewa wani ɗan faifai da ya saya tun yana ɗan sakandare, kusan shekara 70 kafin nan, gutsuren Neck 'n' Neck ne na minti biyu, wanda aka sayar da shi da sunan Mickey.

Wannan na ƙarshe ya nuna hanya ta biyu, wato kwafin gida. Tun 1922 kamfanin Pathé ya fito da zare mai milimita 9.5, Kodak ya biyo da mai milimita 16 a 1923 da mai 8 a 1932, don masu majigi a gida da makarantu. Waɗannan ƙananan zare ba da naitiret aka yi su ba, saboda haka sun fi na silima tsawon rai, ko da yake sau da yawa an datse fim ɗin an kuma canza masa suna. A Japan ma a kasuwar tsofaffin kaya ta Osaka aka samo Namakura Gatana na Jun'ichi Kōuchi, wanda aka yi a 1917, aka sanar da samunsa a 2008. A Rasha kuwa sai a 1995 aka gano fina-finan 'yartsana da malamin rawa Alexander Shiryaev ya yi a gidansa tsakanin 1906 da 1909, lamarin da ya tilasta a sake rubuta farkon tarihin wannan fasaha a ƙasar.

Ta yaya ake gane fim ɗin da ba shi da suna?

Gefen zaren kansa yana ba da shaida. Tun 1916 Kodak ke buga wasu 'yan alamomi, da'ira ko murabba'i ko dala, a bakin zare don nuna shekarar da aka yi shi, sai dai alamomin suna maimaituwa bayan kowace shekara 20, don haka dole a haɗa da wata hujja. Akan duba takardun hukumomin tace fina-finai, da tallan jaridu, da bayanin labarin da kamfani ya ajiye lokacin rajistar haƙƙin mallaka. Masu dogon gogewa kuma sukan gane hannun mai zane daga yadda yake lanƙwasa ƙafa ko buɗe baki. Laburaren Majalisar Amurka ya fara wani taro a 2012, inda ake nuna gutsattsarin da ba a san su ba, 'yan kallo suna faɗin abin da suka gane da babbar murya yayin da fim ke tafiya.

Yaya ake yin gyaran kansa?

Aiki yana farawa da bincike, domin kafin a taɓa na'ura sai an san kwafi nawa suka rage a duniya da wanda ya fi kusa da asali. Mafi daraja shi ne nagetif ɗin da ya fito daga kyamara, sai kwafin da aka buga daga gare shi kai tsaye, kuma duk lokacin da aka kwafo daga kwafi ana rasa kaifin layi, inuwa kuma tana toshewa. Sau da yawa babu kwafi guda cikakke, sai a ɗauki farkon daga wata ƙasa, tsakiyar daga wata, a cike gurbin daƙiƙa goma da ɗan zaren gida.

Bayan haka sai aikin hannu. Ma'aikaci yana warware zaren a kan teburi sanye da safar hannu, yana gyara hudojin gefe da suka yage, yana sabunta tsofaffin mahaɗai, yana auna yadda zaren ya tsuke, tunda tsohon zare yakan ƙanƙance har haƙoran na'ura su kasa shiga hudojinsa. Sai a wanke shi, a ɗauki hoton kowane firam, wato kowane ɗan hoto guda da ke jikin zaren, da na'urar sikana. Akwai dabarar ratsa zaren ta cikin wani ruwa lokacin ɗauka, wanda ke cike karcen da ke bayan zaren har haske ya wuce kamar babu karcen. Daga nan aiki ya koma kwamfuta, inda ake tsayar da rawar hoto, a daidaita haske, a goge ƙura da tabo. Katun na minti bakwai mai sauti yana da firam kusan 10,000, kuma gyara na ƙwarai yana bukatar idon mutum ya bi su.

Sai kuma batun kai da gindin fim. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanonin Paramount da Warner sun sayar da tsofaffin katun ɗinsu ga dillalan talabijin, su kuma suka yanke sunayen farko suka liƙa nasu, wani lokaci a jikin nagetif ɗin asali. Shi ya sa samun kwafin da ke ɗauke da rubutun buɗewa na ainihi yakan faranta wa masu gyara rai kamar samun sabon fim.

Me ya bambanta gyaran katun da gyaran fim ɗin mutane?

Manhajar da ke goge datti tana aiki ne da wata ƙa'ida mai sauƙi: duk abin da ya bayyana a firam ɗaya, babu shi a na gabansa da na bayansa, to datti ne. A fim ɗin mutane wannan yakan yi daidai. A katun kuwa layin tawada siriri ne baƙi, kuma idan halitta tana gudu, hannunta ko jelarta na iya bayyana a wuri guda cikin firam ɗaya tak, sai manhajar ta ɗauke shi karce ta share. An sha fitar da faifan katun a kasuwa, musamman a shekarun 1990 da farkon 2000, waɗanda yatsu da gashin baki da ɗigon ruwan sama suke ɓacewa a cikinsu da zarar motsi ya yi sauri. Abin ya yi kama da mai wankin da ya cuɗa babbar riga har ya kankare aikin wuyanta.

Akwai kuma dattin da ba na tsufa ba. Ƙurar da ta kwanta a kan leda ranar ɗauka, da inuwar da leda ke jefawa a kan bango, da sawun buroshi a cikin fenti, da ɗan yashin da ke jikin hoton kowane zare, duk 'yan kallon 1930 sun gan su. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a tsakanin ma'aikatan rumbuna, kuma shi ne mai hujja, shi ne a cire abin da zamani ya ƙara, a bar abin da masu aikin suka bari, ko da kuskure ne. Iyakar gyara ita ce abin da aka haska a daren farko. Wanda ya wuce nan ya shiga yin sabon fim da sunan mamaci.

Da gaske dukkansu baƙi da fari ne?

A'a. A zamanin bebe akan tsoma zaren cikin rini, shuɗi don dare, ja don wuta, ruwan ɗorawa don rana. Da aka zo kwafe su a tsakiyar ƙarni sai aka yi amfani da zare marar launi, rinin ya ɓace, mutane suka tashi da zaton haka aka yi su. Misali mafi shahara shi ne fim ɗin Yarima Ahmad na Lotte Reiniger, wanda ta gama a Jamus a 1926 bayan aikin shekara uku da almakashi da baƙin kwali, ta kuma ciro labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya. Shi ne dogon fim ɗin zane mafi tsufa da ya rage. Nagetif ɗinsa ya salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da wani kwafin naitiret da aka adana a Landan aka dogara wajen gyaran da gidan tarihin fim na Frankfurt ya kammala a 1999, inda aka maido da rinin, aka kuma sake gina rubuce-rubucen Jamusanci daga takardun hukumar tace fina-finai.

Me zai hana a sa musu launi don yara su so su?

An gwada, kuma sakamakon yana nan ana gani. A ƙarshen shekarun 1960, da gidajen talabijin suka fara ƙin abin da ba shi da launi, an aika tsofaffin Looney Tunes zuwa Koriya ta Kudu aka kwaikwayi zanen da hannu aka shafa fenti, aka yi wa Betty Boop haka a shekarun 1970, Popeye kuma a 1987. Don a rage kuɗi an riƙa tsallake zane, motsi ya zama na tsalle-tsalle, bangon da aka yi da inuwa mai hawa-hawa ya koma fili, rubutun allo ya cika da kurakurai. Garin neman gira aka rasa ido. Launin kwamfuta na shekarun 1990 ya fi wannan mutunci tunda bai taɓa layin asali ba, amma shi ma zato ne, domin masu zanen sun zaɓi matakan toka ne da sanin yadda za su fito a zare marar launi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yau sun sabunta matsalar. Suna ƙara firam a tsakanin zane biyu don motsi ya yi santsi, alhali mai zanen da gangan ya riƙe hoto ɗaya na firam biyu ko uku don bugu ya yi nauyi ko dariya ta faɗo a kan lokaci. Wanda ya yi irin wannan don nishaɗi bai yi laifi ba, muddin bai kira shi gyara ba, kuma bai bari ya maye gurbin na asali ba.

Yaya ake yi da sauri da kuma sauti?

Fim mai sauti yana tafiya a firam 24 cikin daƙiƙa, amma na bebe ba shi da tsayayyen ma'auni, yana iya zama 16 ko 18 ko 22, don haka dole mai gyara ya yanke hukunci ta duban motsin. Haka kuma lokacin da aka sake fitar da katun na bebe da kiɗa a shekarun 1930, layin sautin ya cinye wani sashe na gefen hagu na hoton, saboda haka akan nemi kwafin da ya riga wannan yankan. Kiɗa kuwa, idan takardar waƙar asali ta tsira akan sake kaɗa ta, idan babu sai a ɗauki mai fiyano ya bi salon lokacin.

Wasu daga cikinsu suna cin mutuncin baƙar fata. Me ya sa za a kashe kuɗi a kansu?

Gaskiya ne, kuma ba kaɗan ba ne. Katun ɗin Amurka na farko ya gaji abubuwa da yawa daga wasannin dandali inda Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe, kuma akwai fina-finan da suka nuna mutanen Afirka a matsayin masu cin naman mutane. A 1968 kamfanin United Artists ya janye katun 11 na Warner daga talabijin saboda wannan dalili. Adanawa dabam ce da nuna wa yara. Idan aka ƙone su ko aka yanke wuraren, an goge shaidar abin da aka yi, kuma kamfanonin da suka ci ribarsa ne za su fi kowa jin daɗin hakan. Abin da ya dace shi ne a ajiye su cikakku, a nuna su ga manya tare da bayanin zamanin da ya haife su.

Wa ya mallake su yanzu?

A dokar Amurka, aikin da aka wallafa a wancan zamani yana fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95, shi ya sa katun ɗin Mickey mai suna Steamboat Willie na 1928 ya zama na kowa ranar 1 ga Janairun 2024, kuma kowace sabuwar shekara wani rukuni ke biyo baya. Wannan ya shafi fim ɗin ne kawai, bai shafi alamar kasuwancin kamfani ba, kuma dokokin ƙasashe sun bambanta. Fita daga mallaka tana da nata lahani, domin fim ɗin da kowa zai iya kwafa babu kamfanin da ke ɗokin kashe kuɗin gyara shi. Da yawa daga cikin gyare-gyare mafi kyau na katun ɗin bebe ƙananan masu tara faifai ne suka yi su da kuɗin da masoya suka haɗa ta intanet.

Afirka tana da nata rabon a wannan tarihi?

Tana da shi. A Masar 'yan'uwan gidan Frenkel sun fito da Mish Mish Afandi a tsakiyar shekarun 1930. A Nijar, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma yi shekaru da yawa a Tawa, ya yi katun a 1965 da 1966, ciki har da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Wasu daga cikin irin waɗannan ayyuka a ƙaramin zare aka yi su, wanda ba ya kamawa da wuta kamar naitiret amma yana da nasa ciwon: zafi da laima suna sa shi tsami da wari irin na ruwan khal, ya tsuke ya nannaɗe, kuma yanayinmu yana gaggauta hakan ƙwarai. Duk da haka akan dace, kamar yadda aka samo zaren Shaihu Umar na Adamu Halilu a 2016 aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Idan an gama ɗauka a kwamfuta, ana jefar da tsohon zaren?

Ba a jefarwa. A da an yi wannan kuskure, aka kwafe naitiret zuwa sabon zare aka ƙone na asali, daga baya aka ga sabon ma yana ruɓewa, kuma na'urorin da suka zo bayan nan za su iya ciro abin da na farko suka kasa. Sanyi da bushewa ne maganin. Laburaren Majalisar Amurka yana ajiye naitiret a ɗakuna 124 a Culpeper cikin sanyin digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, rumbun Birtaniya da ke Gaydon kuwa digiri 5 ƙasa da sifiri. Fayil ɗin kwamfuta yana bukatar a riƙa ƙaura da shi daga ma'aji zuwa ma'aji duk bayan 'yan shekaru, shi ya sa manyan rumbuna kan sake buga fim ɗin da aka gyara a kan zaren foliyesta, wanda ake sa ran zai kai ɗaruruwan shekaru idan an kula da shi.

Wanda ya ci karo da tsohon gwangwanin fim, me ya kamata ya yi?

Kada ya sa shi a majigi, domin tsukakken zare yana yagewa a zagaye ɗaya. Idan faɗinsa ya kai milimita 35 kuma alamu sun nuna ya girmi 1952, ya ɗauke shi a matsayin naitiret, ya nisanta shi da wuta da rana da ɗakin kwana, kada kuma ya saka shi a gidan waya. Ya duba bakin zaren ko akwai rubutu, ya ɗauki hoton gwangwanin da na firam ɗin farko da waya ta hanyar ɗaga su ga haske, ya kuma bar duk takardar da ya tarar a ciki yadda take. Daga nan sai ya tuntuɓi rumbun fina-finai na ƙasarsa, wanda a Najeriya yake Jos, ko ɗaya daga cikin rumbunan da ke ƙarƙashin FIAF, ƙungiyar rumbunan fina-finai ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1938.